Ƙuri'ata da Sunan 'Yata

A shekarun da ake jiran Turawa su tattara kayansu su tafi, siyasa ta shigo Zangon Kumasi ta raba mu biyu, 'yan gwamnati da 'yan adawa. Abin ya kai in akuyar ɗan adawa ta leƙa gidan ɗan gwamnati, sai an tambaye ta wa ya aiko ta.

A unguwarmu ta Alabar muna da zaman manya a rumfar ƙofar masallaci, inda ake sasanta rigimar unguwa. Mu bakwai ne. Uku nan, uku can, ni a tsakiya. Ba wayo ba ne, ni dillalin shanu ne, duk ranar da ake gangami ina kara ina duba haƙoran bijimai.

Wata Juma'a jagoran 'yan adawa, wani Alhaji mai fataucin goro, ya kawo shawara: kada kowa ya ƙara zuwa suna, ɗaurin aure ko jana'izar ɗan wancan ɓangare. Jagoran 'yan gwamnati, tsohon direban lori ne mai murya kamar injinsa, ya miƙe ya ce ba su yarda ba. Na ce alhamdu lillahi. Sai ya ƙarasa: "Wannan ya yi sauƙi. A raba har masallacin!"

Aka juyo ana kallona. Wadda na ɗaga wa hannu ita ce doka.

To, matata tana da tsohon ciki, na fari bayan shekarun da har dangi sun gaji da tambaya. Liman ɗan gwamnati ne, wanzami ɗan adawa. Kowace na zaɓa, ko jaririn ya rasa mai raɗa masa suna, ko ya rasa mai aske shi.

Na ce a ba ni lokaci in yi tunani.

Ban taɓa sanin tunani yana sa ƙiba ba. Da safe waken shinkafa daga gidan Alhaji, da rana fufu da miyar gyaɗa daga gidan direba. Rigata ta fara kuka. A zama na gaba na ce ban gane shawarar ba, a maimaita. Na bayansa na ce saniya ta tsinke ta nufi unguwar Moshi Zango. Wannan saniya ta tsinke sau da yawa a watan nan, Allah ya saka mata.

Matata ta ce, "Maigida, in sun gane fa?"

Na ce, "Ke dai ki yi sauri."

Ta ce, "Ka zo ka karɓa ka yi da kanka."

Allah ya sauke ta lafiya, mace. Na je wurin Alhaji na ce, "Ranar suna zan faɗi inda na tsaya. Ka zo da mutanenka." Na faɗa wa direba haka, ban ƙara ban rage ba.

Safiyar suna, titinmu ya cika har kan kwata. Kowane ɓangare ya kwaso jama'arsa don kada a ce su ne kaɗan. Suka zauna a tabarmi, tsakaninsu fili wanda lori zai juya a ciki. Liman ya raɗa suna, ya ɗaga hannu. Addu'a kuwa ba a jin ta a yi shiru, sai amin ta tashi dama da hagu. Wani ya fara raba goro yana damƙa babu tsari. Alhaji ya kasa daurewa.

"Kai, haka ake raba goro a garinku? Kawo nan!"

Ya bi layi yana rabawa, bai farga ba sai da ya sa biyu a tafin direba.

Direba ya ɓare ɗaya ya jefa a baki, ya ce, "To, angon ƙarni, muna jinka."

Na ce, "Wace dokar zan zaɓa? Kun haɗu a suna ɗaya, kun amsa amin ɗaya, ga goro a bakinku. Sai dai ku fara cin kanku tara."

Liman ne ya fara dariya, har rawaninsa ya karkace. Alhaji ya ce ni ɗan iska ne, direba ya ce karon farko ke nan da ya yarda da maganar Alhaji. Aka ɗage shawarar zuwa wani zama, ba a kuma ƙara tayar da ita ba. Faɗan siyasa bai ƙare ba, an ci gaba da zage-zage har bayan zaɓe, amma ana haɗuwa a suna da maƙabarta.

Ina cikin rakiyar baƙi na ji jaririya ta tsala kuka daga cikin gida. Wanzami ya sa aska.