Muryar Malam ta Kan Katanga

Cikin duk ayyukan da na yi tun da na bar gidan rediyo na buɗe shago a Ƙofar Ƙwaya, ban taɓa mantawa da ranar da Alhaji Kabir ya shigo mini da memori a tafin hannu ba. Watan Sha'aban ne, bara waccan.

Mahaifinsa marigayi shi ke jan baƙi a tafsirin masallacin unguwarsu, a Ƙofar Marusa. An ɗauki karatun da makirfo mai kyau. Mahaifiyarsa, Hajiya Binta, kunnenta ya fara nauyi, likita kuma ya ce abin gaba zai yi. Burinsa ta ji muryar mijinta azumin nan, tun da sauran ji. An kunna mata a waya, ta ture. Shi ne ya ce in haɗa mata na'urar da za ta fito da muryar tangaran.

Ku sababbin hannu a sana'ar nan, ku gane: a memori murya lambobi ce. Akwai 'yar aisi, wata mitsitsiyar na'ura mai mayar da su wuta, amma wutar na fitowa rarrauna, da tsakuwa. Matakin da ke biye shi ke tankaɗe ta, ya ƙara mata ƙarfi kafin lasifika. Nan gwanintata take, kuma ba na ɓoye ji da kaina. Na zaɓo resisto da kafasita, na raba wa matakin wutarsa daban, na bi da dalma a tsanake. Ko numfashin Malam ana ji.

Muka kai mata. Ta saurara kaɗan, ta girgiza kai.

"Wanga ba Malam ba ne."

Raina ya sosu. Alhaji Kabir ya ce, "Haba Inna, shi ne hwa!"

Na danne zuciya na ce, "Hajiya, da can a ina kike jin shi?"

Ta nuna bakin murhu. "Nan. Ina tuyar ƙosai, karatun na tahowa ta kan katanga. Ni ina na taɓa zama gaban shi a masallaci?"

Sai na gane. Ita karatun tafsirinsa ta ƙahon lasifikar masallaci ta san shi: siriri, mai amo, ya ratso gidaje. Ni kuwa na kawo mata shi har cikin kunne, yadda maza 'yan sahun gaba ke ji.

Na koma na warware aikin da nake taƙama da shi. Na rage kafasitar mafita don kaurin muryar ya zube, na datse can sama, na bar tsakiya, inda ma kunnenta ya fi kamawa. Na nemo tsohon ƙaho na haɗa. A ma'auni abin kunya ne, ba zan nuna wa abokin sana'a ba.

Ranar farko ta azumi, bayan la'asar, muka ɗora shi kan katanga. Hajiya na bakin murhu, jikoki na miƙa mata ƙullu. Na kunna.

Hannunta ya tsaya cak. Ni kaina sai da idona ya kawo ruwa.

Shi ya sa nake gaya muku, kafin ku ɗauki dalma, ku tambayi mai kaya inda yake zama in zai saurara. Ma'auni bai san wannan ba.

Da Alhaji Kabir ya matso zai tambaye ta ko ya yi, ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Kai, yi shiru. Babanku na karatu."