Musun Madatsar Ruwa a Ɗakin Wankin Ƙoda

Kun taɓa roƙon mutum ya ci gaba da rayuwa, shi kuma ya ce muku ya gode, ya ƙoshi? Ni na roƙi Babana sau goma sha ɗaya cikin kwana huɗu. Na san adadin ne saboda ni komai sai na ƙirga shi, har ƙannena suna kirana Kalkuleta.

Wata goma sha huɗu Baba yana zuwa wankin ƙoda, Litinin da Alhamis, awa huɗu kowane zama. Ranar wata Alhamis na ɗauko masa takalmi, sai ya ce in mayar. “Na gaji, uwata. Inji ya sha jinina sau ɗari da ashirin. Ya isa haka.” Na yi kuka, na kira ƙaninsa, na kira likita a waya ya yi masa bayanin abin da ke faruwa da wanda ya bar wanki. Baba ya saurara cikin ladabi, ya juya fuskarsa bango. Ranar Lahadi na auna idon sawunsa da tef ɗin ɗinki, ya ƙaru da santimita biyar. Numfashinsa ashirin da takwas a minti ɗaya. Dabarata ta ƙare, sai na tafi neman Anti Mopa.

Ita ce mai goge-gogen ɗakin wankin. Shekararta sha tara tana jan bokiti tsakanin gadaje takwas, gajeruwa, mai ƙatuwar murya, kullum rimot ɗin talabijin yana aljihun rigar aikinta. Ba wanda ya ba ta wannan muƙami, ba kuma wanda ya isa ya ƙwace. Abu ɗaya take kunna wa marasa lafiya: wani dogon katun irin wanda yara ke kira anime, na masu manyan idanu, labarin masarautu biyu da ke yaƙi, kowace da matsafanta. Kashi ɗari da sha biyu ne, ta kalle shi sau shida, amma 'yan Litinin da Alhamis wata biyu da ɗoriya ke nan da ta fara saka musu. Kashi biyu take sakawa kowane zama, tana goge ƙasa tana fassara da baki, sai an zo daidai inda rai ke tsaye ta kashe, ta dogara da sandar mopa ta ce, “To alƙalai, wannan matsafin ya yi daidai ko bai yi ba?” Nan ɗaki zai kaure da musu. Mutanen da aka shigo da su a keke su manta da allurar da ke hannunsu, har nas ta leƙo ta ce a rage murya. Baba kaɗai ba ya tanka wa. Ya ce wasan yara ne. Amma na lura idonsa ba ya barin allon.

Na same ta a ɗakinta na haya, hawa na uku, matakala arba'in da biyu, tana shanya kayan aikinta a igiya. Ban ko zauna ba na fashe.

“Sau nawa kika roƙe shi?” in ji ta.

“Sha ɗaya, Anti.”

“Kin ɓata sha ɗaya. Ni na ɓata fiye da haka.” Sai ta gaya mini mijinta a gado na huɗu ya yi shekara biyu. Shi ne mai katun ɗin, shi ya koya mata sunayen matsafan. Da ya ce ya daina zuwa, ta durƙusa, ta haɗa shi da Allah, ta haɗa shi da 'ya'yansa. Kwana tara ya yi, ya rasu. “Roƙo yana tuna wa mara lafiya cewa shi kaya ne a kan mutane. Me Babanki ya yi kafin ritaya?”

“Shekara talatin da ɗaya yana buɗe ƙofofin madatsar ruwa.”

Ta saki rigar da ke hannunta. “Kai! Kuma kika tsaya kina kuka? Kawo wayarki.”

Ashe kashi na arba'in, wanda Baba bai gani ba ranar Alhamis, a kan madatsa yake. Tsohon matsafin da 'yan ɗakin ke kira Farin Gemu ya fasa ta da sandarsa, ruwa ya cinye rundunar maƙiya ta mutum dubu goma, ya haɗa da wani ƙauye mai mutum ɗari uku. Anti ta tura mini kashin, sannan ta naɗi muryarta: “Baba na gado shida, ina gaisuwa. Mun yanke hukunci ba ka nan. Farin Gemu ba shi da laifi, domin kowa ya san madatsa ba a buɗe ta kaɗan-kaɗan, ko a fasa ko a bari. Duk ɗaki ya yarda. Sai dai ka yi haƙuri.”

“Anti, da gaske kin yarda da haka?”

“Ni? Wannan tsohon mugu ne, na tsane shi tun kallon farko. Amma a ɗakin nan ni ce lauyar duk wanda aka tsana.” Na tambaye ta mutum nawa ta yi wa wannan dabara. Ta ce bakwai, huɗu sun dawo. Na ce sauran ukun fa? Ta ci gaba da shanyarta.

Da la'asar na jingina wayar a jikin filon Baba. Minti ashirin da uku bai motsa ba. Da muryar Anti ta ƙare, ya ce in sake kunnawa. Sai na ga yana neman tashi zaune, yana haki.

“Wa ya gaya mata? Wace madatsa ce ba ta da ƙofar gefe? Ga ta can ma sun zana ta, a hannun hagu! Ya busa ƙaho, ya ba ƙauye awa biyu, ya saki ruwa ta gefe. Wannan ba dole ba ce ta sa shi, ƙyuya ce da son a ce ya iya. Kira min ita.”

Na ce, “Ta ce ba ta musu a waya, Baba.”

Ya harare ni. Ya san abin da muke yi, na ga haka a idonsa. Sannan ya ce, “Mutum ɗari uku fa. Kuma duk ɗaki ya yarda? Har mai gado na biyu, da yake cewa ya yi koyarwa?” Ya nemi biro da takarda.

Ranar Litinin ni da ƙanina muka ɗauke shi zuwa mota, domin takalmin ya ƙi shiga ƙafarsa. Nas ta ga nauyinsa a sikeli ta riƙe baki. Inji bai gama ɗaukar jini ba Baba ya ɗaga takardarsa, zanen madatsa da kibiyoyi tara.

“Hajiya lauya, zo nan ki ga jahilcinki.”

“Baba, in kana da hujja ka kawo, ban da zagi. Kuma ɗaga ƙafarka in goge.”

Awa huɗu suka yi. Ta ƙi sallamawa, ta ce sai ya ga abin da Farin Gemu zai faɗa wa sarki a kashi na gaba. Ya ce zai zo ya ji ƙaryar.

Ba warkewa ya yi ba. Saura kashi saba'in, biyu-biyu, zama talatin da biyar ke nan, wata huɗu. Abin da zan yi bayan nan ban sani ba, kuma ba na son wannan lissafin. Na dai fara rubuta abubuwan da Baba ba ya iya jin an faɗa ba daidai ba, na samu sha bakwai.

In kuna da wanda ya juya fuskarsa bango, ku kira likita, ku yi addu'a, amma kada ku tsaya a roƙo. Ku nemo abin da ya fi kowa sani, ku faɗe shi a karkace a gabansa, ku dage a kai. Huɗu cikin bakwai ba alkawari ba ne, yanzu ma biyar cikin takwas ne. Don Allah ku gwada.