Ɗakin da Muka Liƙe wa Kawu Ƙadri

A gidanmu ni ce mai riƙe kwanan wata. Tun ina kwaleji a Tasawa, in an yi gardamar shekarar da fari suka cinye gero, ko ranar da kaka ta rasu, ni ake kira. Labarin Kawu Ƙadri kuwa ba wanda ya ce in rubuta, ina jin ma an fi so a bar shi. Amma ina cikin matan da suka kai ruwan kwaɓa ran nan, don haka ba zan iya yin shiru ba.

Kawu Ƙadri ƙanen Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A lakwal, wato makarantar boko, bai wuce aji shida ba. Ya koyi gyaran rediyo a kasuwar Tasawa, daga baya ya tafi Maraɗi ya zauna a wani shagon intanet, yana shara yana gyaran wayoyin wuta. A nan ya gamu da abin da ya cinye sauran rayuwarsa: wani tsarin tafiyar da ordinata, wato kwamfuta, dangin wanda ake kira Unix, wanda mutane a ƙasashe daban-daban suke rubutawa su saki kyauta. Ba ya buƙatar sabuwar na'ura, tsohuwar da aka jefar ma yana tashinta. Kawu ya koye shi da guntun Faransancinsa da wani ƙamus marar bango. Mutum ne marar magana. In ka tambaye shi yadda abu yake aiki sai ya ce, “Yana yi dai.”

A 2009 wani furoje, wato shirin taimakon raya karkara, ya haƙa foraj, rijiyar burtsatse, a garinmu, arewa da Urafane, ya kafa shato, babban tankin ruwa na sama, da faifan hasken rana. Kafin nan rijiyarmu ɗaya ce, zurfinta gaba arba'in. Kusa da shaton aka gina ɗan ɗaki mai rufin kwano, aka sa batura da wani akwatin ƙarfe. Cikin akwatin akwai wani koren faranti mai faɗin tafin hannu biyu, irin wanda ake sa wa injunan masana'anta. Masu gyara suna ce masa kart, mu allo muke cewa. Shi ke auna ruwan ƙasa da na shato, shi ke tada injin jan ruwa ya kuma kashe shi, shi ke raba ruwa tsakanin famfunan gari da kwamin dabbobi. Injin ba ya jin umarnin kowa sai nasa.

Furoje ya naɗe kayansa bayan shekara uku. Shekara ta zagayo, allon ya tsaya yana neman wata lamba da kamfanin da ya kafa shi kaɗai ya sani, wayar kamfanin kuma ba ta shiga. Wata huɗu ba ruwa.

Inna ce ta aika aka kira ƙanenta. Ya zo da tsohuwar ordinata a buhu, ya jona ta da allon da wata waya, ya goge abin kamfanin, ya zuba tsarin nan na kyauta a wani ɗan kati da bai kai kwalin ashana ba. Sati shida yana zaune kan tabarma a ƙofar ɗakin, fararen haruffa suna gudu a baƙin gilashi. Jatau taubashinsa kullum sai ya biyo ya tsokane shi.

“Ƙadri, wanga allon naka wankewa ake a sha, ko kallo kawai ake?”

“Kai dai gobe ka kawo bidonka.”

Washegari kuwa ruwa ya hau shato. Jatau ya cika bidonsa, wato jarkarsa, ya ce ai ya san ɗan'uwansa ba ya ƙarya sai in ya buɗe baki. Kawu bai koma Maraɗi ba. Ya buɗe ɗan teburin gyaran waya ranar kasuwar Urafane, sauran kwanaki yana wajen famfo. Bello, wani Bafillace da ke shayar da shanunsa a kwami, yana aiko masa da nono duk Jumma'a, yana kiransa mai rijiya.

Ya san allon ba zai dawwama ba, kuma an daɗe da daina ƙera irinsa. Ya bi 'yan gwangwan na Maraɗi har ya samo huɗu daga injunan wata masana'anta da ta rufe. Na rubuta yadda suka tafi. Na asalin tsawa ta kashe shi. Na biyu tsufa. Na uku ɓera ne ya shiga ta kafar bango ya yi masa fitsari, kuma duk gari ya ga gawar ɓeran, don Kawu ya fito da ita riƙe da wutsiya yana huci, abin da ba mu taɓa gani ya yi ba. Na huɗu bai ma taɓa tashi ba. Daga 2021 saura ɗaya.

A lokacin yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya jinkirta aikin ido shekara biyu don ba ya son barin famfon. Sai da ya kasa karanta haruffan, cikin bazarar 2023, ya yarda zai tafi asibiti Maraɗi. Ranar tafiya ya miƙa wa Baba makulli, don Baba ne shugaban kwamitin ruwa. Ina tsaye na ji.

“Yaya, wanga shi ne na ƙarshe. Kada kowa ya buɗe ƙofar, kada a taɓa komi ciki. Ku kula mini da shi.”

Baba bai ɗauki maganar da wasa ba. Bayan sallar Jumma'a ya zagaya ɗakin da dattawa. A bangon akwai kafofi takwas, huɗu ƙasa huɗu sama, ragar da ke jikinsu duk ta yi tsatsa ta yage. Kowa ya tuna ɓeran. Baba ya ce mutumin nan ya yi mana shekara goma yana wahala, ba zai dawo ya tarar ɓera ya cinye masa amana ba. Mu manoman wake ne. Abin da muke ji da shi, rumbu muke sa shi mu liƙe da laka, ko iska kada ta shiga, ƙwaro ya mutu a ciki. Haka muka gada, kuma bai taɓa ba mu kunya ba. Kawu kuwa, cikin shekarun nan duka, bai taɓa gaya wa kowa amfanin kafofin ba.

Ranar Asabar aka yi gayya. Maza suka kwaɓa laka da ciyawa da kashin jaki, mu mata muna kawo ruwa daga famfon kansa. Aka toshe kafofin takwas, aka bi tsakanin bango da kwano, aka bi gefen ƙofa, sannan aka yaɓe ɗakin duka ya yi sumul. Inna ta dama fura. Jatau yana ta cewa in Ƙadri ya dawo da sabon ido ba zai gane ɗakinsa ba. An yi dariya sosai ran nan.

Ni na yi lise, babbar sakandare. An koya mini cewa abu mai aiki da lantarki zafi yake fitarwa, na rubuta a jarrabawa na ci. Na sauke tulu shida a wurin, ban haɗa wannan da wancan ba.

Kwana goma sha ɗaya bayan haka ruwa ya tsaya. Ba a buɗe ƙofar ba, don ya ce kada a buɗe. Ba a gaya masa a waya ba, don Inna ta ce wanda aka yi wa aikin ido ba a tada masa hankali. Muka nemo tsofaffin igiyoyin guga, muna cewa in ya dawo zai gyara, ai kullum yana gyarawa.

Ya dawo bayan sati uku da hantsi, a bayan babur, ido ɗaya ya buɗe ɗayan yana da auduga. Bai shiga gida ba. Layin mata a bakin rijiya ya gani, ya ce a wuce da shi shato. Ya daɗe tsaye yana kallon ɗakin. Ya shafa bangon daidai inda kafa take a da. Baba yana gefe yana bayanin ɓera da raga, muryarsa tana raguwa.

Kawu ya karɓi fartanya ya fasa lakar ƙofa. Da ya buɗe, iskar da ta fito sai da ta kore mu baya, mai zafi, mai warin ƙonanniyar roba. Baturan sun kumbura. Ya zauna ya jona ordinatarsa da allon kamar yadda ya saba. Gilashin ya tsaya baƙi. Ya sake, ya sake, har azahar.

Baba ya durƙusa kusa da shi. “Ƙadri, mi muka yi?”

“Numfashi yake, Yaya. Ta kafofin nan yake numfashi.” Ya rufe ordinatar, sannan ya ce, “Ni ne ban faɗa ba.”

Bai ƙara cewa komai a kai ba, har yau.

Ya yi ƙoƙari. Ya rubuta wa mutanen nan masu rubuta tsarin, wani dattijo a wata ƙasa mai nisa ya amsa cewa yana da allo ɗaya a ajiye, zai aiko. A damanar nan aka rufe iyakoki, kayan bai iso ba, daga baya wasiƙun dattijon ma suka ɗauke. 'Yan gwangwan suka ce irin wannan sun daɗe da narkarwa. Wanda ya zo dubawa daga birni ya ce sai an sauya komai, injin da akwatin, wannan kuwa sai in wani furoje ya zo. Ba wanda ya zo.

Shekara biyu ke nan muna jan gaba arba'in. Tafin hannun Inna ya tsage. Bello ya kwashe shanunsa ya yi wajen Mayahi, bai dawo ba. Jatau ya daina tsokanar Kawu, kuma ina jin wannan ya fi masa ciwo. Idonsa na biyu bai warke ba, ya rufe teburin gyara, yanzu yana wuni a ƙofar gida. Shi da Baba suna gaisawa, suna cin tuwo a kwano ɗaya, ba mai ɗaga kai.

Ɗan katin ya tsira. Bara ya ba ni shi naɗe a leda, ya ce komai yana ciki, ba abin da ya lalace, allon da zai karanta shi ne babu. Ya ce in ajiye tunda ni ce mai ajiya. Yana cikin littafina, ban san me zan yi da shi ba.

Ɗakin kuwa yana nan, damana biyu yaɓen bai tsage ba. Bayan girbi kwamiti ya ce kada ya zauna a banza, aka fitar da baturan, aka zuba waken gari aka sake liƙe ƙofar. Da aka buɗe cikin bazara, ko ƙwaro ɗaya babu.