Kafintan da Kicinsa Ba Taga

Yayana kafinta ne, tun yana ɗan shekara goma sha uku yake shaƙar garin katako. Duk layinmu ba wata ƙofa ko taga mai kyau da ba daga hannunsa ta fito ba. In aikin mutane ne, ba ya saɓa rana. In na gidansa ne, amsar ɗaya ce: gobe. Matarsa ce ta fara kiransa Malam Gobe a bayan idonsa, mu kuma muka karɓe.

Da guminsa ya gina gidan shekarar da ya yi aure, ɗaki uku da kicin a ƙurya. Kicin ɗin ba taga. Da rana tsaka sai an kunna fitila kafin a ga gishiri, hayaƙi kuwa ya mai da bangon kamar gindin tukunya. Shekara ashirin da shida matarsa na roƙon ya huda mata ko 'yar ƙarama ce. Ya taɓa yin awo har ya zana da fensir a bango, zanen ya tsufa a wurin.

Da yara suka kama gabansu, sai ya ƙwallafa rai a kan shago a bakin titi da injin yanka katako, ya sa gidan a kasuwa. Mai kimanta gidaje ya zo da tef da takarda, ya zagaya, ya rubuta duhu, ya rubuta danshi, ya yanka farashi. Yaya bai yi musu ba, don shi kansa kango yake ce wa gidan. Ya sa hannu suka koma haya a wani bene, inda kicin ɗin ma lungu ne marar taga.

Wanda ya saya shi ne matsalar. Wani tela ne, abokinsa tun suna benci ɗaya a makaranta, wanda Yaya ya saba hangowa a bayansa: Yaya ne ya riga shi aure, ya riga shi gida, ya riga shi babur. Ba a yi wata ba telan ya zo shago da kansa ya ba da aikin taga uku. Yaya ya zaɓi katakon da ya fi kyau don kada a ga kasawarsa, ya rubuta masa rasit yana murmushin da bai kai ciki ba.

Magini ya fasa bango aka kafa tagogi, aka yi fenti. Ni kaina ranar da na shiga sai da ƙyashi ya soke ni, ba zan ɓoye ba. Shi kuwa Yaya gidan ya zame masa akuyar da aka sayar ta dawo tana cin danga. Layin ba hanyarsa ba ce, amma safe da yamma ta nan yake bi, ya dawo yana kushe fenti da labule. Abin da ya fi ci masa rai, matarsa ta tsiri zuwa hira wajen matar tela, kuma kullum da walwala take dawowa.

Sai ya ce an cuce shi, tela da mai kimantawa sun haɗa baki sun karya masa farashin gida. Ya ɗauko wani mai kimantawar, wannan ya yanka farashin da ya kusa ninka na farko. Na ce masa ihu ne bayan hari, ya ce me na sani. Ya ɗauki lauya ya shigar da ƙara.

Wata bakwai ana ɗage zama. Ranar ƙarshe alƙali ya tambayi mai kimantawa na biyu abin da ya gani wanda na farko bai gani ba. Ya ce haske da iska, musamman tagogin nan uku, aikin gwani ne. Yaya har da gyara zama. Sai lauyan tela ya miƙa rasit, mai kwanan wata bayan ciniki. Alƙali ya tambayi Yaya ko hannunsa ne, ya ce nasa ne. Aka ce darajar gida ta ranar ciniki ake dubawa, aka kori ƙara.

Muna tafiya gida mu uku, ya tambayi matarsa bai ko kalle ta ba.

"Wai me kike zuwa yi gidan nan kullum?"

"Zama nake yi a kicin, Malam. Daidai inda ka zana suka huda. Ashe daga wurin murhu ana ganin mangwaron maƙwabta."

Washegari na je duba shi. Na same shi a kicin ɗin bene, fensir a kunne, yana auna bango. Ya ce yau ɗin nan zai kira magini, ba gobe ba. Matarsa na wanke-wanke, ba ta ɗago ba.

"Bari, Malam," ta ce. "Gidan mutane ne."