Baba Mai Tsaron Baya

Warin ƙarfe, ina wasa kaifin takalman zamiya kan ƙanƙara yau, ya tuna mini da Baba, Ba'amurken da ya tsufa a buga wasan hoki na kan ƙanƙara, ya zo Dubai koyar da yara. Da baya-baya yake zamewa, idonsa na kan mai tahowa. "Mai tsaron baya ba ya gaggawa, habibi," yakan ce mini, "jira yake."

Ranar da gwiwa ta kayar da shi, manajan filin wasan ya ƙyalƙyale da dariya a gaban yara: "Khalas, taka ta ƙare, tsoho!" Ni na kai wa Baba sandarsa ta hoki mota. Bai kai baɗi ba ya rasu.

Har yau ni nake wasa takalmin manajan, ba na ha'inci. Jira nake. Allah ya ba Baba hutu, manajan kuwa Allah ya kayar da shi a gabana.