Ƙullutun da Ke Kan Ɗinkina

Ɗana na biyu a Riyad na haife shi, kuma da tiyata aka ciro shi. A lokacin muna zaune a unguwar Manfuha, a wani tsohon bene da bangonsa ke zubar da ƙasa, mu da wasu iyalai na Hausawa. Mijina direba ne a gidan wani Balarabe. Ko kan ɗaya daga matan gidan ne ya sara, sai ya tada mota ya kai ta asibiti. Ni kuwa matarsa, in ina son ganin likita, sai na jira ranar da kafil ɗinsa, mutumin da iƙamarmu, wato takardar izinin zamanmu, ke hannunsa, ya ga dama ya sake shi.

Likitar da ta yi mini aikin ta hana ni wankan jego da tafasasshen ruwa saboda ɗinki, na kuwa bi maganarta. Wannan ne laifin da matan benenmu suka riƙe mini.

Yaron ya fara tafiya lokacin da na ji wani ƙullutu a gefen hagu na tabon, bai wuce ƙwallon dabino ba. Duk wata in al'adata ta kusa sai ya kumbura ya riƙa zugi, ko zane ba na iya ɗaurawa a kai. In ta wuce ya lafa. Daga baya ya fara tsattsafo da jini baƙi-baƙi, ya zo tare da al'adar, ya ɗauke tare da ita.

Na kai ƙorafina majalisar Alhamis, wadda ake yi a ɗakin Hajiya mai ƙaho. Dattijuwa ce 'yar wajen Maraɗi, ta fi mu duka daɗewa a ƙasar. Tana sayar da kuka da daddawa, tana yi wa mata ƙaho, kuma babu ciwon da ba ta san sunan kakansa ba. Ta latsa wurin da babban yatsa har na ga duhu.

"Ba ki gasu ba, ɗiyata," in ji ta. "Jinin biƙi ne ya daskare. Ni ma yanka ni suka yi a autana, amma na yi wankana har arba'in. Dube ni."

Muka dube ta kuwa. Ta kafa mini ƙaho a kan tabon, ta bi da gashi da tawul mai zafi, na koma ɗaki ina bin bango. Wata ta ce iska ce, domin benen ya tsufa. Wata ta ce daga gida aka aiko mini, ta ma fara lissafo mini dangin mijina da ba ta taɓa gani ba.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne muhawarar da ta biyo baya. Da suka ji jinin tabon na bin wata, sai aka bar maganar ciwona aka koma kan hukuncinsa. Haila ne ko ba haila ba? In na ƙasa ya ɗauke na tabo bai ɗauke ba, zan yi salla? Wata da ta ɗan taɓa Islamiyya a gida ta zama alƙaliya, har aka buga wa ƙanen wata waya, ɗalibi ne, ya yi ta zuba Larabci ana jinjina kai. Makonni ana wannan. Mata cike da ɗaki, kowace da bakinta, amma babu wadda ta ce a je a nuna wa likita. Ni ma da na je kantin magani, mai kantin bai ɗago kai daga wayarsa ba, ya turo mini ƙwayar rage zafi ya ce kalas, wato shi ke nan.

Ranar da jinin ya ɓata mini abaya a bakin titi na gaya wa mijina cewa ko ya kai ni asibiti, ko in tari tasi ni kaɗai, Manfuha ta faɗi abin da za ta faɗa. Sai ga shi kafil ya iya ba da izini. Muka yi ta zagaye, domin a shekarun an tone rabin titunan garin ana aikin jirgin ƙasa.

Da muka isa asibiti, likitar ta tambaye ni ko ciwon na bin wata. Na ce mata e. Ta ce wani lokaci in an buɗe mahaifa don ciro yaro, ɗan ɓurɓushin shimfiɗar cikinta kan maƙale a bakin yankan, ya kama, ya rayu a can. In wata ya zagayo shi ma sai ya kumbura ya zubar da jini, domin aikin da ya sani ke nan. Ta ce yawanci ba ya kisa, amma ba ya jin ƙaho ko gashi, sai an yanke shi duka. Ta ƙara da cewa ba kasafai ba, wanda aka bari shekaru masu yawa yakan juye ya zama ciwon daji. Alamarsa, ya daina bin wata, ya yi tauri, ya riƙa girma. Na ji tsoro ƙwarai, yarana ƙanana ne.

Aka yi aikin, aka kai abin da aka ciro gwaji, ya fito ba daji ba ne. Na kwashe bayanin likita kaf na zube wa 'yan majalisa da suka zo dubiya. Suka taɓe baki, wata ta ce su dai likitocin nan ba su da magani sai wuƙa. Hajiya ce kaɗai ba ta tofa ba, abin da ban taɓa gani ba.

Bayan 'yan kwanaki ta shigo da hantsi da kwanon kunu, ta mai da ƙofa ta rufe. Ta ce in maimaita mata abin da likita ta faɗa a kan wanda ya daɗe. Na maimaita. Sai ta kwance zanenta. A kan tsohon tabonta akwai ƙullutu ya kai lemo, da miki a bakinsa, ta toshe da auduga. Tun autanta yana goye yake nan, autan da yanzu ke aikin gini. Al'adarta ta daɗe da ɗaukewa, shi kuwa girma yake yi.

"To ni da na gasu fa, ɗiyata?" ta ce.

Duk haushinta da nake ji ya zube, na riƙe hannunta muka yi kuka. Ɗanta ya kai ta asibiti, amma abin ya riga ya bazu. Ba ta ga azumin da ya biyo ba.

A wurin zaman makoki majalisa ta sake zama a kan maganar ciwon Hajiya, aka juya ta aka juya. Daga ƙarshe alƙaliyarmu ta yanke hukunci, sauran suka amince. Wai ai a nan Riyad Hajiya ta yi jegonta, kuma ruwan da aka dafa a kan gas ba ya gasa mace kamar na itace.