Ranar da Za a Cire wa Ɗiyata Beli

Ban so zuwa bitar nan ba. A ƙaramin asibitin Kaikai nake aiki, ga damina ta cika mana benci da masu zazzaɓin sauro, sai ga saƙo wai in je Kankiya a ƙara mana sani kan cututtuka masu yaɗuwa. Na ce to, za a sake tara mu mu sha lemo mu yi hamma.

Na bar ɗiyata a gida, Kusada, wajen surukata. Yarinyar ta kwana biyu da ciwon wuya da ɗan zazzaɓi, ina ba ta maganin mura. Ina yafa mayafi surukar ta ce, "Beli ne ya sauko mata. Wanzam na nan tahe yau wajen yaron maƙwabta, sai a haɗa da ita." Na ce, "Inna, a bari in dawo." Ta ce to. Na kuwa san irin wannan to ɗin nata.

A wajen bita wata likita ta haska mana hoton maƙogwaron wani yaro a bango. Wani abu fari-fari mai ruwan toka ya lulluɓe shi kamar yanar kunun da ya huce. Ta ce mashaƙo ke nan: wuya ya kumbura, murya ta dushe. Ta ja kunnenmu kada a kankare, kada a yanka, don jini zai ɓalle, abin kuma ya toshe numfashi.

Nan take na tuna gida. Da safen nan da ƙyar na ji gaisuwar ɗiyata, wuyanta kuma ya yi kauri, na ɗauka kwanciya ce.

Na fita na kira wayar Inna, tana ta ƙara ba a ɗauka. Maigidana yana gona a Dudunni, tasa ba ta ma shiga. Ko jakata ban koma ɗauka ba, na tare ɗan acaɓa. Duk ramin da ya rage gudu dominsa sai na ji kamar in sauka in ruga da ƙafa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, addu'a ma rabi-rabi take fita.

Na tarar da wanzami a zaure ya buɗe zabira, Inna ta matse yarinyar a cinya. Ya riga ya gama da yaron maƙwabta, ina jin kukansa ta katanga.

Na ce wa wanzamin, "Baba, don Allah dakata!"

"Ke 'yar nan, mi ya same ki?" in ji Inna. "Uban nata ma haka aka yi mashi."

Na durƙusa gaban yarinyar. Na kunna fitilar waya na ce ta buɗe baki. Ga shi nan, sak abin da na baro a bangon Kankiya.

Mota ɗaya ta kai yaran biyu babban asibiti, aka keɓe su. Ɗiyata ta sha allurai ta tashi. Yaron maƙwabta bai kai Juma'a ba.

Da na je gaisuwa, uwarsa ta riƙe hannuna ta ce, "Da Inna ta ce a fara da taku, ni na roƙa a fara da nawa, don in samu in ɗora girki."